Kwalabe Shida na Auta

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kira caji ofis aka ce an fasa wani kamfani.

Sufeto ne ya ɗauki wayar, mutumin da abokan aikinsa ke kira Ruwan Zafi a bayan idonsa. Shekara tara ke nan cikinsa ya ƙi shi. Ba ya cin yaji, ba ya shan shayi, flas ɗin ruwan zafi kawai yake yawo da shi kamar mai renon jariri, kuma ciwon bai bar masa haƙurin doguwar magana ba.

"Me aka sace?" ya tambaya.

"Kwalabe shida," in ji wata murya ta mace.

"Na me?"

"Yallaɓai, don Allah ka zo kawai. Ran yarinya ne a ciki."

Kamfanin ƙarami ne, gini ɗaya mai hawa biyu a ƙarshen layi. A allon ƙofa an zana jariri yana dariya, an rubuta cewa kowane ƙunshi na garinsu yana ɗauke da ƙwayoyin hanji masu rai har biliyan goma. Sufeto ya san garin sarai. Ya sha shi wata biyu cur, bai ga komai ba.

A farfajiya mota ɗaya ce, baƙa, gilasanta huɗu a sauke kamar faɗin tafin hannu, ruwa na feshi a kan kujeru. Saje, wani ƙaton mutum da ba ya iya ganin abu ya yi shiru, ya girgiza kai.

"Masu hali ke nan. Ni keken da nake da shi ma leda nake rufa masa."

A ɗakin gwaji suka tarar da mata biyu. Ɗaya doguwa ce cikin farar riga, ita ce mai gwajin kamfanin, ma'aikata na kiranta Madam Doka domin babu bangon da ba ta manna wa takardar gargaɗi ba. Ɗayar tana zaune a kan kujera, mayafi a karkace, idanunta sun yi zuru-zuru irin na wanda ya daɗe yana kwana a asibiti.

"Wannan ƙanwar Darakta ce, mai kamfanin," in ji Madam Doka. "'Yarta ce a kwance."

Uwar ba ta jira a tambaye ta ba. Auta, shekararta bakwai. Ciwon ƙashi ya kama ta, aka yi wata uku ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙashin ya warke, amma maganin bai tsaya tantance mai kyau da marar kyau ba, ya share hanjinta tas. Wata muguwar ƙwaya ta sami fili ta mamaye. Yau kwana arba'in ke nan tana gudawa, sau goma sha biyar a wuni, kuma duk maganin da aka gwada ya kasa.

"Likita ta ce saura hanya ɗaya," in ji uwar. "A ɗebi ƙwayoyin hanjin mai lafiya a dasa mata, su je su kori mugun. Ni aka ɗeba. Sai da aka yi sati biyu ana gwada jinina da komai nawa kafin su yarda."

"Daga ina aka ɗeba?" in ji Saje.

"Daga bayan gidana. Aka tace, aka zuba a kwalabe shida, aka daskarar."

Dariya ta ƙwace wa Saje. "Wato mun fito cikin ruwan nan neman ɓarawon ka..."

Uwar ta ɗago ta kalle shi. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma sai Saje ya haɗiye sauran maganar ya shiga gyara hularsa.

"Me ya kawo kayan asibiti nan?" Sufeto ya tambaya.

"Nasu firizan ba ya kai irin sanyin da ake so," in ji Madam Doka. "Namu yana kaiwa tamanin ƙasa da sifili. Darakta da kansa ya ce a kawo, ai 'yarsa ce. Da la'asar ɗin yau za a zo ɗauka. Jiya jikin yarinyar ya rikice, likita ta ce a kawo da safe. Shi ya sa na zo tun ƙarfe bakwai, ba tara ba. Na tarar da taga a fashe, akwatin kwalaben babu."

"A sake ɗiba mana."

"Sati biyu, Yallaɓai," in ji uwar. "Auta ba ta da sati biyu. Kwana biyu ma ban sani ba."

Sufeto ya ajiye flas ɗinsa a kan tebur.

Ya zagaya ɗakin a hankali. Kwamfuta na nan a kan tebur, madubin duba ƙwayoyi na nan da rigarsa. Ya tsaya gaban firizan, wani ƙaton farin abu mai gurnani, da maƙalli kamar na ƙofar sito.

"Yaya kika same shi?" ya tambayi Madam Doka.

"A rufe."

"Da maƙallin?"

"Da maƙallin. Har ƙofar ciki an mayar."

"Shekara ashirin ina bin ɓarayi," in ji Sufeto, "ban taɓa haɗuwa da wanda ya fasa taga ya kuma tsaya rufe firji ba. In an bar shi a buɗe me zai faru?"

"Duk abin da ke ciki zai lalace."

"To ɓarawonmu yana tausayin kayan kamfani. Me kuma ya ɓace?"

Ta ce babu. Ya ce ta sake dubawa. Ta bi ɗakin da ido, sai ta nufi wani akwati mai kaurin murfi a lungu, ta sa safar hannu ta buɗe. Farin hayaƙi ya malalo ƙasa.

"Busasshiyar ƙanƙara," ta ce. "Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa. Ranar Asabar akwatin nan a cike yake. An ɗebi kamar kilo biyar. Kuma... shuɗiyar kula ba ta nan."

Uwar ta miƙe tsaye. "Ke nan ba su narke ba?"

"In wanda ya ɗauka ya jera su daidai, suna nan da rai."

"Har zuwa yaushe?" in ji Sufeto.

"Kilo biyar a waccan kular, wuni da kwana. In jiya da yamma aka ɗauka, zuwa ƙarfe biyu ko uku na yau. In a wuri mai zafi take, ba za ta kai haka ba. Kuma in suka narke suka jima, shi ke nan, ba a sake daskarar da su."

Sufeto ya duba agogo. Tara saura minti biyar. Ya sa Saje ya kira ofis a turo mutum huɗu, a rufe ƙofar kamfanin, ba shiga ba fita.

Darakta na ofishinsa a sama, mutum mai ƙiba da furfura kaɗan, takardun shaidar karatunsa na ilimin ƙwayoyin halitta a jere a bango. Kafaɗa ɗaya ta rigarsa a jiƙe take sharkaf, ɗayar a bushe. Ya miƙe ya kama hannun Sufeto da hannu biyu.

"Sufeto, ka taimake ni. Yarinyar nan a hannuna ta yi wayo. Ni na ce a kawo kayan nan, da wane ido zan kalli ƙanwata?"

"Ƙarfe nawa ka zo?"

"Bakwai da rabi. Na tarar da Madam ta riga ta kira ku."

"Kullum haka kake sammako?"

"Litinin ce, aiki ya yi yawa." Ya kalli agogon bango. "Ina ganin a bar ni in zagaya bayan katanga da mota. Irin waɗannan yaran in suka ga ba abin sayarwa ba ne sai su yar a kwata."

"Mutanena za su duba. Wa kake zargi?"

Darakta ya rage murya. "Ba na son ɗaukar alhaki. Amma Madam ta daɗe tana maganar barin aiki, wani babban kamfani na zawarcinta. Irinmu, wato uwar ƙwayar da muke haifar da duk garinmu daga gare ta, a firizan nan yake. Mai son tafiya da iri zai iya ɗaukar akwatin da ba shi ba cikin sauri."

Ya sake kallon agogo. Sufeto ya lura, amma a gidan nan yau kowa agogo yake kallo.

Maigadi tsoho ne mai ƙaramin ɗaki a bakin ƙofa. Ya rantse da Allah jiya ko nan da can bai je ba.

"Baba, daga ɗakinka zuwa tagar nan taku nawa ne?"

"Zai kai goma."

"Aka fasa gilas mai faɗin ƙofa, ba ka ji ba?"

"Kunnen ne, Yallaɓai, tsufa."

Sufeto ya juya baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaya wa Saje sirri. "A kawo ankwa."

"Ankwa kuma? Ni?" Tsoho ya zabura.

"Kunnen ya warke ke nan. Baba, akwai yarinya tana mutuwa. Ina ka je?"

Tsoho ya zauna a kan bencinsa. Matarsa ce ta shanye ɓarin jiki. Kowace Lahadi, daga ƙarfe uku zuwa shida, yakan kulle ƙofa ya je ya yi mata wanka ya juya ta, domin 'yarsu ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai. Shekara biyu ke nan yana haka.

"Wa ya sani?"

"Darakta ne ya ba ni izini. Sai Madam, ita ta taɓa kama ni. Su biyu ne, wallahi. Da na dawo ban zagaya ba, laifina ke nan."

Ƙarfe goma da rabi ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe da ƙarfinta. 'Yan sanda huɗu sun bi kwata, sun bi juji, sun leƙa bayan katanga da sito da tankin ruwa, sun dawo da taɓo har gwiwa, hannu wofi.

Wayar uwar ta yi ƙara. Ta kasa riƙewa, ta miƙa wa Sufeto. Likitar Auta ce.

"Cikinta ya fara kumbura," in ji likitar, ba tare da gaisuwa ba. "In kwalaben nan ba su zo ba zuwa ƙarfe biyu, dole a shiga da ita tiyata a cire babban hanjin. Nauyinta kilo goma sha huɗu ne yanzu, Sufeto. Ba na jin za ta tashi daga teburin."

"Kwalba nawa kike bukata?"

"Uku na dashe ɗaya. Sauran ukun na ajiya ne, in na farko bai kama ba. Kana da su?"

"Ina nema."

"Nema ba ya shiga hanji," ta ce, ta kashe.

Uwar ta ji komai. Ta zube a ƙasa ta kama ƙafar wandonsa. "Yallaɓai, ka ce wa ɓarawon na yafe. Ka sa a rediyo. Ba na son a kama kowa, ya ajiye a bakin titi kawai ya tafi. Jiya ta ce min, Mama, in na warke zan ci komai da komai, ba zan ƙara zaɓe ba."

Darakta ya sauko da sauri ya ɗago ta. "Haba, ki yi haƙuri, za a samu. Wallahi za a samu."

"Yaya, Auta za ta mutu."

"Ba za ta mutu ba." Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya juyo wajen Sufeto. "Ko motata a bar ni in matsar zuwa inuwa, rana ta fito."

"Ba abin da zai motsa a gidan nan," in ji Sufeto, ransa a ɓace. Mutum 'yar ƙanwarsa na mutuwa, shi fentin mota ne ya dame shi.

Ya koma ɗakin gwaji shi kaɗai da Madam Doka. Mutum biyu ne suka san lokacin da maigadi ba ya nan, kuma ɗaya daga cikinsu kawun yarinyar ne. Ya shiga buɗe duk abin da ke da ƙofa. A akwatin ɗumi, inda ake renon ƙwayoyi, ya ga 'yan farantan roba a kife, jere-jere, sun kai talatin.

"Waɗannan fa?"

Ta leƙo. Fuskarta ta canza. "Ba nawa ba ne."

"Ɗakinki ne."

"Ranar Asabar na kwashe komai na wanke. Kuma ni ba na sa faranti ba rubutu. Dubi, ko kwanan wata babu."

"Darakta ya ce kina shirin tafiya da irin kamfani."

"Ni?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Wane irin?"

"Wanda ke cikin firiza. Lafiyarsa lau?"

"Lafiya lau," ta ce da sauri, ta kau da kai.

Sufeto ya zuba ruwan zafi a murfin flas, ya kurɓa, ya bar ta da shirun. Sha ɗaya da kwata. Ba shi da lokacin shiru, amma ya san shi ne abin da masu gaskiya-gaskiya ba sa iya ɗauka.

"Ya mutu," ta ce daga ƙarshe. "Wata biyar ke nan. Wuta ta lalace kwana biyu, janareta bai tashi ba, muka zo muka tarar da komai ya narke. Mun yi ta ƙoƙarin tayar da shi, ya ƙi. Tun daga nan garin da muke sayarwa gawa ce, Yallaɓai. Madara ce da sitaci da matattun ƙwayoyi. Ba ya cutarwa, ba ya kuma yin komai."

"Na sani," in ji Sufeto. "Na sha."

"Ni nake sa hannu a takardar gwaji. Darakta ya ce in ba shi lokaci, mutum arba'in ke ci a nan. Na ba shi. Shi ya sa nake son tafiya, ba na iya barci. Ranar Alhamis hukumar magunguna za ta zo ta ƙirga masu rai a cikin ƙunshi. Ba za su sami ko ɗaya ba."

"Sai ga kwalabe shida cike da masu rai sun shigo firizanku."

Ta dafe bakinta. Ta kalli farantan, ta kalle shi.

"Ke ce mai hannun aikin nan," in ji Sufeto, ya matso. "Sa hannunki ne a takarda, ke za a fara ɗaurewa ranar Alhamis. Kin zo jiya ƙarfe uku, kin shuka ƙwayoyin a farantan nan, kin fasa taga, kin tafi da kula. Ina take? Ki faɗa min yanzu, in ya so mu yi maganar sauran daga baya."

"Ban ɗauka ba!"

"Da me kike zuwa aiki?"

"Da bas."

"Kula shuɗiya a bas, wa zai kula?"

Nan Madam Doka ta manta ana tuhumarta. Abin da aka taɓa ya fi tsoron ɗauri ƙarfi a wajenta.

"Busasshiyar ƙanƙara a bas? Cikin mutane, tagogi a rufe? Yallaɓai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Iskar da take fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai mutum ya ji kai na sarawa, barci ya kwashe shi a kan sitiyari. Direbanmu na farko saura kaɗan ya mutu a haka. Ga shi can na manna a ƙofa." Ta nuna wata takarda da jan rubutu. "Ko a but ɗin bayan mota take, ko ana ruwa, ko ana ƙanƙara, gilas huɗu a sauke. Duk wanda ya yi aiki a gidan nan hannunsa da kansa yake sauke gilas. Darakta ne ma ya kafa dokar."

Sufeto ya ajiye murfin flas ɗin a hankali. Ya tuna kujerun da ruwa ke feshi a kansu. Ya tuna kafaɗa ɗaya jiƙaƙƙiya, da mutumin da ke neman inuwa wa motarsa. Awa uku ke nan suna nema har cikin kwata, abin yana tsakar farfajiya, yanzu ma a cikin rana, kuma shi da bakinsa ya hana a matsar da shi.

Bai san lokacin da ya fita da gudu ba.

Darakta na tsaye a bakin ƙofa kusa da ƙanwarsa. Da ya ga inda Sufeto ya dosa, sai ya sha jinin jikinsa.

"Makullin mota."

"Yana... ina jin na bar shi a sama."

"Saje, kawo ƙarfen taya."

"Kar ku fasa!" Darakta ya zaro makullin daga aljihu. "Kar ku girgiza ta. A hankali, don Allah."

Murfin but ɗin ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Da ya ɗaga, ga shuɗiyar kula an lulluɓe ta da bargo. A gefenta akwai leda, da kwalabe biyu a ciki, babu komai a cikinsu.

Uwar ta matso. Ta kalli kular, ta kalli ledar, ta kalli yayanta.

"Yaya?"

Darakta ya sunkuyar da kai.

Madam Doka ta sa safar hannu ta ɗaga murfin. Hayaƙin da ya fito ɗan kaɗan ne. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi cikin tafi biyu ba. Ta ɗauko kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga su a haske.

"Wannan daskararre. Wannan ma. Wannan ma." Ta ɗago na huɗun, wanda ke can sama, ta karkata shi. Abin ciki ya gangara. "Wannan ya daɗe da narkewa. Ya tafi."

"Uku," in ji Sufeto. Ya riga ya danna lambar likita. Ta ce uku sun isa dashe ɗaya, a taho yanzu-yanzu. Ta ƙara da cewa kowa ya sani, in bai kama ba babu na biyu.

Darakta ya jingina da motar, ya sulale har ƙasa.

"Biyu kawai na ɗauka," ya ce. "Na san uku take bukata. Na ce biyu ba za su rage ta da komai ba. In na ware masu kyau na rena su kafin Alhamis, a samu abin ƙirgawa a cikin ƙunshi, sai kamfanin ya tsira. Shekara goma sha takwas na yi ina gina shi."

"Ka zuba abin da ba a tantance ba a garin jarirai?" in ji Madam Doka. "Yallaɓai, kai ka koya min aikin nan."

"Akwatin a liƙe yake da hatimin asibiti," ya ci gaba, kamar bai ji ta ba. "In aka ga biyu sun ɓace a cikin firiza, an san na gida ne. Shi ya sa na fasa tagar. Na yi niyyar in zo da sassafe in ajiye kular a bayan katanga, in fasa kwalaben nan biyu a gefe, a ce ɓarawo ne ya yar. Kafin la'asar an tsinta, an kai. Ban san an dawo da lokacin safe ba. Na shigo na tarar da ita tana waya."

"Tun ƙarfe takwas kake tsaye a nan," in ji Sufeto. "Ka ji abin da likita ta ce. Ka ɗago ƙanwarka daga ƙasa da hannunka. Kalma ɗaya ce, Darakta."

"Na yi ta cewa yanzu za ku tafi. Kowane minti ina cewa yanzu za ku tafi."

Uwar ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta sunkuya ta rufe kular da kanta, ta rungume ta a ƙirji yadda ake rungumar yaro mai zazzaɓi.

"Ranar da aka ɗebi abin nan," ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Auta ta tambaye ni ina za a ajiye. Na ce wajen Kawu. Ta ce to shi ke nan, ba abin da zai same shi."

Darakta ya rufe fuska da hannu biyu. Saje ya sauke hannayen ya sa musu ankwa.

Sufeto ya sa aka juyo da motar sintiri. Uwar ta shiga baya da kular a cinya, direba ya kunna jiniya, ya danna maɓalli gilasai suka fara hawa saboda zafi.

Darakta ya fizge daga hannun Saje, ya yi taku biyu da ankwarsa.

"Ku sauke gilas!" ya ƙwala. "Gilas huɗu! Ku sauke mata gilas!"

Direba ya kalli Sufeto. Sufeto ya gyaɗa kai. Kafin direban ya kai hannu, uwar ta riga ta sauke nata, idonta a kan hanya. Ba ta waiwayo ba har motar ta fice daga ƙofa.

Ƙarfe goma sha biyu saura minti goma. Sufeto ya tsaya yana sauraren jiniyar har ta ɓace, yana roƙon Allah a ransa kwalabe ukun nan su kama. Sannan ya kama hannun Darakta ya nufi ɗaya motar da shi, suka wuce ta ƙarƙashin allon jaririn nan mai dariya.